Yadda Ake Jinyar Tiyatar Ƙashi Ga Wanda Dama Yake Fama Da Daɗaɗɗen Ciwo

Mutum biyu za su iya kwanciya a ɗaki ɗaya na asibitin ƙashi, gado kusa da gado, a yi musu aiki iri ɗaya a rana ɗaya, amma jinyarsu ta sha bamban. Ɗaya babur ne ya kayar da shi ya karye, jikinsa bai san ciwo ba kafin wannan ranar, kuma da zarar ƙashin ya haɗe zai manta da abin da ya same shi. Ɗayan kuwa ya shekara biyar ko goma yana kwana da ciwo yana tashi da shi, ko dai saboda sikila ta lalata masa kan ƙashin cinya, ko amosanin gaɓɓai ya cinye masa guringuntsin gwiwa, ko kuma ciwon baya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wannan bayani domin mutum na biyun aka yi shi, shi da masu jinyarsa.

A wurin likitoci, ciwon da ya haura wata 3 yana nan ko yana dawowa shi ne daɗaɗɗen ciwo, kuma yana barin alamu uku a jiki waɗanda ke sa jinyar tiyata ta yi nauyi. Jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa sun daɗe suna aiki babu hutu, har sun zama masu saurin ɗauka, abin da wani zai ji kaɗan shi sai ya ji shi da yawa. Naman jikin da ke kewaye da gaɓar ya yi rauni saboda shekarun da aka yi ana ɗingishi ana kaffa-kaffa da ita. Sannan jiki ya saba da magani, ta yadda ƙwayar da za ta kwantar da wani ba lalle ta taɓa shi ba. A ƙasar Hausa babban misalin wannan shi ne mai sikila. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a ƙasar kowace shekara, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka girma sukan gamu da mutuwar kan ƙashin cinya saboda jini ya daina isa wurin. Shi ya sa a asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, ba baƙon abu ba ne a ga matashi ɗan shekara 25 ko 30 yana jiran a canza masa gaɓar ƙugu, aikin da a ƙasashen Turai aka fi yi wa tsofaffi.

Jinya mai kyau tana farawa ne tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Majinyaci ya tattara duk abin da yake sha ya kai wa likita, musamman likitan da zai sa shi barci ko ya kashe masa rabin jiki, kuma ya faɗi gaskiyar adadin da yake sha a rana, ko da ya zarce abin da aka rubuta masa. Mutane da yawa suna ɓoye wannan saboda kunya, musamman idan tiramadol ne ko allurar fentazosin da suka saba yi wa kansu a gida, sai a auna musu magani kamar na wanda bai taɓa sha ba, su farka daga tiyata cikin azabar da ba ta da dalili. A ambaci magungunan gargajiya, a kuma ambaci haɗin da ake saya a kemis, wanda ake ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda ba tare da suna ba, domin sau da yawa akwai irin su deksametazon ko firednizolon a ciki. Waɗannan suna jinkirta warkewar rauni, suna rage ƙarfin garkuwar jiki, dogon shan su ma yana daga cikin abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya tun farko, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a tsayar masa da su rana ɗaya. Mai shan sigari ya daina makonni kafin aikin, saboda taba tana rage jinin da ke isa ga ƙashi da fata, mai ciwon sukari kuma ya tabbatar sukarinsa ya daidaita. Mai sikila ya sa likitan jininsa cikin shirin tun daga farko, domin galibi akan yi masa ƙarin jini kafin babbar tiyata don a rage haɗarin tashin ciwon.

Akwai tambaya guda da ya kamata a yi wa likita ƙarara kafin ranar: wane ciwo ne wannan aikin zai ɗauke, wane ne kuma zai bari? Canjin gaɓar ƙugu yana kawar da ciwon da ke fitowa daga gaɓar da ta lalace, amma ba zai hana sikila tashi ba, kuma ba zai gyara bayan da ya shekara goma yana ɗaukar nauyin ɗingishi cikin mako guda ba. Wanda ya san haka tun da wuri ba zai yanke ƙauna ba idan ya wayi gari a mako na uku ya ji bayansa yana nan yadda yake.

Gida ma yana bukatar shiri, kuma a nan ne shawarwarin da aka rubuta domin gidajen Turawa ba su cika yi mana daidai ba. Yawancin rayuwarmu a ƙasa take: katifa a ƙasa, cin abinci a kan tabarma, zaman hira a tanƙwashe, masai na tsugunno, alwala a durƙushe da buta. Wanda aka canza wa gaɓar ƙugu, musamman idan ta baya aka buɗe, akan hana shi lanƙwasa ƙugun har gwiwa ta ɗara shi tsawo, da harɗe ƙafafu, da murɗa ƙafar zuwa ciki, na tsawon mako 6 zuwa 12, saboda sabuwar gaɓar tana iya gocewa. Don haka kafin a sallamo shi a tanadi gado mai tsayi wanda idan ya zauna a bakinsa ƙugunsa zai ɗan fi gwiwarsa bisa, da kujera mai ƙarfi mai hannuwa, da kujerar ban ɗaki. Inda babu halin sayen ta asibiti, kafinta zai iya ƙera ta katako mai rami a tsakiya a ɗora ta a kan masai, muddin ba ta girgiɗi. A naɗe dardumomi da tabarmin da ke kan hanya, a kawar da wayoyin caji, a ajiye tocila kusa da gado saboda ɗaukewar wuta da dare, domin faɗuwa guda a kan siminti tana iya rushe aikin da aka kashe dukiya a kansa. Idan ɗakin majinyaci a saman bene yake, a sauko da shi ƙasa na ɗan lokaci.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, wato rarrabe tsohon ciwo da sabo. Mai daɗaɗɗen ciwo ya ƙware wurin haƙuri, kuma wannan haƙurin da ya raya shi shekara da shekaru shi ne abin da zai iya cutar da shi bayan tiyata, domin duk abin da ya ji sai ya ce ai dama ya saba. Yana da kyau a samu ɗan littafi ana rubuta abu uku sau biyu a rana: inda ciwon yake, irin kamarsa, da ƙarfinsa a ma'aunin 0 zuwa 10 da ma'aikatan jinya ke amfani da shi. Ciwon yanka yakan yi tsanani a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya riƙa sauka a hankali, yana ƙaruwa da motsi yana lafawa da hutu. Tsohon ciwo majinyaci ya san shi kamar yunwar cikinsa. Abin tsoro shi ne na ukun, wanda bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Idan sha-raɓa ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo idan an taɓa, ana zargin jini ya daskare a jijiya, kuma idan aka haɗa da ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, to gudan jinin yana iya kasancewa ya tafi huhu, wannan kuwa ba a jiran wayewar gari. Saboda haka ne ake ba da maganin tsinka jini bayan canjin gaɓa, wani lokaci har kwana 35 bayan aikin ƙugu, kuma bai kamata a daina shi don an ji sauƙi ba. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi, ko ɗinkin da ya yi ja yana fitar da ruwa ko mugunya ko wari, ko ciwon da ya fara sauka sannan ya dawo yana hauhawa, alamu ne na shigar ƙwayoyin cuta. A nan akwai tarkon da muke yawan faɗawa: kowane zazzaɓi sai a ce na cizon sauro ne, a sayo magani a kemis a sha kwana uku, alhali cutar tana cin wurin da aka sa ƙarfe. A yi gwajin maleriya, amma likitan da ya yi aikin ya ga raunin da idonsa. Wanda aka sa wa siminti a hannu ko ƙafa, idan ya ji matsi mai tsanani da magani bai taɓa ba, yatsunsa suka yi sanyi ko fari ko suka mutu, a koma asibiti nan take. Idan kuma aka ji ƙara a ƙugu, ƙafar ta gajarce ko ta juya, aka kasa taka ta, gaɓar ce ta goce, kada kowa ya ja ta, kada a kai wa mai ɗori. Masu ɗori suna da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, amma gaɓar da aka sa wa ƙarfe da roba ta fita daga cikin abin da hannunsu ya sani, kuma matsa ta ko ɗaure ta da karare zai iya jawo asarar ƙafar. Mai sikila yana da ƙarin abin lura guda, wato tari da zazzaɓi da ciwon ƙirji a kwanakin farko, wanda kan nuna ciwon ya taɓa huhu. Jan dogon numfashi sau goma a kowace awa idan yana farke, da shan ruwa sosai, da rufe jiki daga sanyi musamman lokacin hunturu, suna rage wannan haɗari.

Game da magani, tsarin da ya fi aiki shi ne haɗa iri biyu ko uku masu aiki ta hanyoyi daban-daban, a sha su a kan lokaci, maimakon a jira sai ciwon ya kai maƙura sannan a nemi mai ƙarfi. Farasitamol, wanda mutane ke rainawa, shi ne ginshiƙi: babban mutum mai lafiyayyar hanta yana iya shan giram 1 bayan kowace awa 6, kada ya wuce giram 4 a kwana guda, kuma a duba kwalin sauran magunguna domin da yawa daga cikin na mura da na ciwon jiki suna ɗauke da shi. Ibufurofen da daikulofenak suna rage kumburi, amma suna taɓa ciki da ƙoda, don haka mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin tsinka jini, da mai sikilar da ƙodarsa ta fara rauni, kada su sha sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyu daga cikin wannan dangi. Masu ƙarfi irin su tiramadol da mofin suna da amfaninsu a kwanakin farko, kuma kuskure ne a hana majinyaci su saboda tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya, kamar yadda kuskure ne a bar shi da su babu ranar dainawa. Tsoron yana da tushe, domin kowa ya ga ɓarnar da waɗannan magunguna suka yi a Arewa, har gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018. Maganin tsoron shi ne tsari: likita ɗaya ne zai riƙa rubutawa, a saya a amintaccen kantin magani, wani babba a gidan ya riƙe, kuma a tsara yadda za a riƙa ragewa. Tiramadol na kan titi mai miligiram 225 ba shi ne na asibiti ba, kuma yawansa yana jawo farfaɗiya. Kada a haɗa waɗannan da maganin barci ko firegabalin, wato maganin ciwon jijiya, ba tare da sanin likita ba, domin haɗin yana iya danne numfashi. Wanda ya daɗe a kansu kuma kada ya yanke rana ɗaya, a hankali ake sauka. Masu ƙarfin nan suna ƙulle ciki ƙwarai, saboda haka tun ranar farko a yawaita ruwa da gwanda da kankana da kwaɗon zogale da miyar ganye, a kuma nemi maganin sassauta ciki idan kwana biyu suka wuce babu bahaya.

Ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20 tana rage kumburin gwiwa ga yawancin mutane, amma ban da mai sikila, wanda sanyi ke tayar masa da ciwo. Ruwan zafi da man zafi kuma kada su kusanci ɗinki.

Manufar duk wannan magani ita ce majinyaci ya samu damar motsawa. Wanda ya ce sai ciwo ya tafi gaba ɗaya sannan zai taka ƙasa zai daɗe a kwance, gwiwarsa ta sandare, naman cinyarsa ya zube, kuma wannan sandarewar za ta zama sabon ciwo a kan tsohon. A yau akan tayar da wanda aka canza wa gaɓa ya taka a ranar aikin ko washegari, sai dai a wasu karayun likita yakan hana ɗora nauyi na wasu makonni, don haka a tambaya a ji ainihin nauyin da aka yarda a ɗora. A sha magani kamar minti 30 zuwa 45 kafin zuwan likitan gashi, wato mai sa majinyaci motsa gaɓɓai, domin a iya yin atisayen yadda ya kamata. Motsa idon sawu sama da ƙasa a kan gado, da matse naman cinya a ƙirga biyar a saki, abubuwa ne da ake yi sau da yawa a rana ba tare da taimakon kowa ba. Wanda aka yi wa aikin gwiwa kada ya saba da sa matashi a ƙarƙashin gwiwar duk da daɗin da yake ji, saboda za ta warke a lanƙwashe, a sa matashin ƙarƙashin dunduniya. Wanda aka yi wa na ƙugu ya kwanta rigingine, ko ya sa matashi tsakanin ƙafafunsa idan an ba shi izinin juyawa. A wurin hawa matakala lafiyayyar ƙafa ce ke gaba, a wurin sauka kuma mai ciwon ce, sannan sanda guda ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba ɓangaren ƙafar da aka yi wa aiki ba.

Masu daɗaɗɗen ciwo suna da wata ɗabi'a da likitocin gashi suka sani sarai. Ranar da suka tashi da sauƙi sai su yi aikin kwana uku, su zagaya unguwa, su je kasuwa, sannan su kwanta kwana uku suna nishi. Gara a tsayar da ƙaramin adadi da za a iya cikawa ko a ranar da jiki ya ƙi, misali tafiyar minti biyar sau huɗu, a riƙe shi kullum, sannan a ƙara kaɗan bayan 'yan kwanaki. Idan ciwon da atisaye ya tayar ya lafa cikin awa biyu, an yi daidai, idan kuwa ya kai washegari yana nan da ƙarfinsa, an wuce gona da iri, sai a koma adadin baya ba tare da an daina gaba ɗaya ba. Kumburi yakan ɗauki watanni kafin ya baje, kuma wanda ya shiga da tsohon ciwo ya sa a ransa cewa tafiyarsa za ta fi ta maƙwabcinsa na asibiti jinkiri, kada ya riƙa auna kansa da shi.

Ibada tana damun majinyata da yawa har wasu su saɓa wa likita a ɓoye. Addini ya riga ya sauƙaƙa: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ce a yi salla a tsaye, idan ba a iya ba a zaune, idan ba a iya ba a kwance a gefe. Sujada da zaman tahiya a ƙasa suna lanƙwasa ƙugu da gwiwa fiye da abin da sabuwar gaɓa za ta ɗauka, saboda haka a yi salla a kan kujera mai tsayi, a yi nuni da kai ba tare da dogon sunkuyo ba, har sai likita ya ce an kai lokacin. Ana yin shafa a kan bandeji, ana kuma yin taimama inda ruwa zai cutar. Idan jinyar ta faɗo cikin watan azumi, marar lafiya yana da izinin ajiyewa ya rama, mai sikila da ke jinyar tiyata kuwa ƙishirwar yini guda tana iya mayar da shi gadon asibiti.

Ga masu jinya, dubiya al'ada ce mai kyau, amma ɗakin da ya cika da mutane tun safe har dare yana hana majinyaci barci da atisaye, kuma rashin barci yana ƙara kaifin ciwo washegari. A ware lokacin dubiya, kamar bayan la'asar, a kuma tace shawarwarin da kowane mai zuwa yake kawowa tare da ƙullin maganinsa. Kada a riƙa cewa majinyaci ya cika raki, domin wanda aka faɗa wa haka sau biyu zai yi shiru ranar da ya kamata ya yi magana. Idan aka ga ya daina cin abinci, ya daina hira, yana cewa da ma bai yarda an yi aikin ba, a gaya wa likita, saboda damuwa tana yawan rakiyar daɗaɗɗen ciwo kuma tana da magani. Abinci ya ƙunshi abin da ke gina jiki, irin su wake da ƙwai da kifi da nono da awara da gyaɗa, gwargwadon hali.

Akan cire zaren ɗinki ko ƙarafunansa tsakanin kwana 10 zuwa 14, kuma galibi akan sake ganin likita wajen mako na 6 a ɗauki hoton ƙashi. A je da ɗan littafin nan da kwalayen magungunan da ake sha, a tambayi ranar da za a fara rage masu ƙarfin, da ranar ajiye sanda, da ranar komawa aiki. Tuƙin mota ba ya halatta sai an daina maganin da ke sa gyangyaɗi kuma ƙafar tana iya taka birki da ƙarfi babu jinkiri, wanda ga yawancin mutane ba ya yin ƙasa da mako 6. A ranar zuwa asibitin a nemi mota a zauna a kujerar gaba bayan an tura ta baya sosai, a fara zama sannan a shigar da ƙafafu tare, kada a hau acaɓa, adaidaita sahu kuma kujerarsa ta yi ƙasa da yawa ga wanda aka yi wa aikin ƙugu.